Mabuɗi Biyu na Ɗakin Magani

Na dawo ƙauyenmu na ƙasar Gure bayan shekaru masu yawa ina tuƙin babbar mota a ƙasashen mutane. Na yi Kano da Maiduguri, na yi Injamena, na zauna Libiya har Larabcina ya daina ba masu shago dariya, na ƙare a Abijan, inda gwiwata ta ce ta gaji. Abin da na shigo da shi gida kaɗan ne: akwatin kayan gyaran mota, rediyo babba, da harsuna. Hausa da Barbarci na gada, Faransanci da Larabci na tsinto a hanya.

Dawowata ta zo daidai da shekarun da aka buɗe siyasa. Ni na taɓa ganin irinta a Najeriya, na ga yadda take raba unguwa, amma ban zaci za ta iso garin da kowa kakansa ɗaya da kowa ba. Rediyo ya riƙa haɗa masu neman shugabancin ƙasa, ko wakilansu, su yi ta ja-in-ja da Faransanci. Bayan la'asar sai in fito da tawa gindin darbejiyar bakin masallaci, in juya wa mutane abin da ake faɗa. Da farko tabarma ɗaya ake shimfiɗawa. Kafin wata ya zagayo sun zama biyu, ni da rediyo muna tsakiya a kan turmi.

Tabarmar dama ta yayana ce, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, mai babbar murya da saurin fushi. Ta hagu ta surukina ce, Alhaji, uban mijin ƴata, mutum mai sanyin magana wanda ba ya manta abin da aka yi masa. Kowannensu shi ne uban jam'iyyarsa a garin.

"Kai, ƙane," in ji Yaya wata rana, "namu ya yi magana tsawon zuwa rijiya da dawowa, ka juya mana ita cikin numfashi ɗaya?"

"Iyakar abin da ke ciki ke nan," wani ya amsa daga tabarmar Alhaji. "Sauran duk miyau ne."

"Naku fa? Tun ɗazu tari yake yi. A fara kai shi likita kafin ya gyara mana likita."

Maganar likita ita ta fi ɗaukar zafi, domin ita ce kowa ya sani a jikinsa. Wani ɗan takara ya ce magani haƙƙin talaka ne, kyauta za a ba shi. Wani ya ce kyautar da ba ta zuwa ba kyauta ba ce, gara kowa ya ɗan sa hannu ɗakin magani ya daina zama wayam. Sai a juyo kaina, tunda ni na ga duniya. Nakan ce a Libiya na ga asibitin da ba a biyan komai, amma su suna da man fetur. A Abijan na ga gidajen magani masu gilashi suna ƙyalli, talaka na leƙe daga waje. A Najeriya kuwa kowane lungu da mai sayar da ƙwaya, sai dai ba ka sani ba ko alli ka haɗiya.

"To kai wanne kake bi?"

"Ni mai juyawa ne," nakan ce. Na daɗe ina jin daɗin wannan amsa.

Zaɓe ya zo ya wuce, shugabanni suka ƙulla suka kwance can Yamai, masu cewa kyauta da masu cewa a biya kowa ya sauya baki. Sabon tsarin dai ya iso mana. Mara lafiya zai ba da ɗan abu, a riƙa sayo magani da shi, gari kuma ya kafa kwamitin da zai tsare ɗakin ajiya. Ranar da mota ta sauke kwalaye a ɗan likitan garinmu, wato ƙaramin asibitinmu, tsofaffi har da masu hawaye. Ba mu taɓa ganin magani da yawa haka wuri ɗaya ba.

Majo ne ya karɓe su. Haka muke kiran babban ma'aikacin jinyar da gwamnati ta turo mana, Bazabarme daga can bakin kogi, siriri, mai yawan shiru. Hausarsa ta ishe shi cefane, Barbarci kuwa ko gaisuwa sai ya yi tuntuɓe, saboda haka nakan zauna masa tafinta da safe. Shi kaɗai ne ma'aikaci a wurin. Shi ke allura, shi ke ɗinki, shi ke cire haƙori. Yana kirana Tsoho, muna hira da Faransanci kamar direbobi biyu a tasha.

Wajen kafa kwamiti aka yi rigima. Mutanen Yaya suka ce in mabuɗi ya shiga hannun Alhaji, sai mai irin hularsu zai sha magani. Mutanen Alhaji suka faɗi haka a kan Yaya. Liman ne ya raba gardama: a sa wa ƙofar kwaɗo biyu, Yaya ya riƙe mabuɗi ɗaya, Alhaji ɗaya. Duk ranar Alhamis da safe su zo tare su buɗe, Majo ya ɗebi na mako, a rufe. Aka fito da Alƙur'ani, kowannensu ya dafa ya rantse cewa mabuɗin ba zai bar wuyansa ba, kuma ba zai buɗe ba sai ɗan'uwansa yana tsaye. Kowa ya zura nasa a igiyar laya.

Na yaba wa dabarar a lokacin. Majo kuwa sai da muka keɓe ya faɗi nasa.

"Tsoho, ka ga wannan ƙofa? Ranar da aka buɗe ta ba da mabuɗi biyu ba, ni zan tafi. Ku duka ƴan gari ne. Ni kaɗai ake iya sa wa kaya a mota."

Na yi dariya, na ce ya cika tsoro.

Tsarin ya yi aiki har wani zaɓen shugaban ƙasa ya matso. Damina ta sauka, zazzaɓi ya shigo tare da ita, siyasa kuma ta yi zafin da ba ta taɓa yi ba. Yaya da Alhaji suka daina gaisawa. Ranar Alhamis ɗaya zai zo ya tsaya gabas da ƙofa yana kallon gona, ɗaya yamma yana jan carbi, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sa mabuɗi. Wani lokacin sai hantsi ya dubi ludayi mata na zaune da ƴaƴa a cinya, ni ina kai da kawo tsakanin dattawa biyu da taku biyar ya raba.

A wannan daminar ƴata tana gidana. Cikin fari ne, ya tsufa, an dawo da ita wajen uwarta ta haihu kamar yadda ake yi. Ita ce ƴata ta fari. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna shi, ba ya cewa nawa ne a gaban mutane. Tun da aka haife ta ban taɓa ɗaukarta a bainar jama'a ba. In na dawo daga tafiya da tsarabarta, ƙannenta nake ba su miƙa. Na zauna da Larabawa masu sumbatar ƴaƴansu a kasuwa, na ga mutanen Abijan suna goya nasu a wuya, abin ya ba ni sha'awa, amma ina taka ƙasar gida kunyar ta dawo ta zauna inda take.

Ranar wata Laraba aka ce ɗan takarar su Yaya zai sauka Gure. Jam'iyya ta ɗauki motar garin, wadda ita kaɗai ce muke da ita, aka cika ta da mutane da ganguna. Majo ya tare Yaya a bakin mota, ya ce kinin ɗin mako, maganin zazzaɓin, ya ƙare tun jiya, a taimaka a buɗe yau.

"Yau Laraba," in ji Yaya. "Gobe da hantsi ina nan. Ko so kake in je in roƙi wancan ya fito?"

Mota ta tashi da mabuɗi a wuyansa. Alhamis ta zo, hantsi ya yi, azahar ta yi, babu mota. Daga baya muka ji ɗan takarar ne ya makara a wani gari, jama'a suka kwana biyu a filin Gure suna jiransa.

Da safiyar Alhamis ɗin zazzaɓi ya kama yarinyar. Kafin azahar ta daina gane uwarta. Muka ɗora ta a amalanke zuwa likita, ni ina tafe a baya nesa kaɗan, kamar hanya ce kawai ta haɗa mu. Majo ya duba ta, ya fito ya same ni a baranda.

"Sai kinin a cikin ƙarin ruwa," ya ce. "Ba ni da ko ɗaya a waje."

"A kai ta Gure fa?"

"Da amalanke, cikin wannan yashi, da wannan ciki? Ba za ta kai ba, Tsoho."

Ɗakin ajiyar yana da ƴar taga mai raga. Na leƙa. Ga kwalayen nan a jere a kan katako, har ina iya karanta rubutun jikinsu. Tsakanina da su bai fi kamu uku ba.

Aka kira Alhaji, aka kira Liman. Alhaji ya iso yana haki, domin cikin nan jikansa ne. Ya tsaya gaban ƙofa, hannunsa a kan igiyar wuyansa.

"Alhaji, ku taimaka," na ce. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.

"Malam, na dafa Alƙur'ani," in ji shi, yana duban Liman. "Kuna wurin."

Liman ya ce rantsuwar da za ta kashe rai ana karya ta a yi kaffara, Allah bai ɗora wa kowa wannan ba. Alhaji ya ce ya sani, amma mutanen waƙa da ganga ba su san kaffara ba, gobe za a ce jam'iyyarsa ta fasa ɗakin magani ana saura kwanaki zaɓe. Daga ciki muka ji uwar yarinyar tana salati da ƙarfi. Sai Alhaji ya ciro mabuɗin, ya buɗe nasa kwaɗon ya ja da baya.

Na Yaya ya rage, babba, irin na Kano, yana lilo.

Wani ya ce a kawo gatari. Liman ya ce a'a, fasa kwaɗon mutum a bayansa faɗa ne da ba zai mutu ba. Ni kuwa idona na kan ɗaya gefen ƙofar, inda take rataye da ƙarafa biyu masu ƙusoshin murɗawa. Shekara talatin ina kwance irinsu a jikin mota. Na dubi Majo. Ya gane abin da nake kallo.

"Ka tuna abin da na gaya maka?" ya ce da Faransanci, a hankali, don kada sauran su ji.

"Na tuna."

"To."

Ya koma ciki ya sake duba ta. Ban san minti nawa ya yi ba. Da ya fito sai ya ce, "Je ka ɗauko kayan aikinka. Ni zan riƙe ƙofar kada ta faɗo maka."

Haka aka yi, da rana tsaka, a gaban Liman da Alhaji da matan da ke baranda. Na kwance ƙusoshi, Majo ya tallafe ƙofa, ta buɗe ta baya tana rataye a kwaɗon Yaya. Ya shiga ya ɗauko abin da zai ishe ta da wasu yara biyu da ke kwance, ya nuna wa Liman a tafin hannu, muka mayar da ƙofa yadda take. Kafin magariba zufa ta karyo mata. Washegari ta nemi kunu.

Yaya ya dawo ranar Asabar, muryarsa ta dushe da ihu, hular jam'iyya a karkace. Ya shiga gidana ya duba ƴar ƙanensa, ya fito ya zauna kusa da ni. Da ya tashi tafiya ya ce, "Allah ya kyauta." Na ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Masu zafin jam'iyyarsa sun riga sun aika Gure cewa an buɗe ɗakin magani a bayan idon mutuminsu, da hannun uban ɗaya jam'iyyar da na Majo. Shi Majo bai taɓa zama a kowace tabarma ba, amma ya fito daga yamma, kuma a shekarun nan inda aka haife ka shi ne katin jam'iyyarka, ko ka yanka ko ba ka yanka ba.

Bayan kwana huɗu kwamanda, mai mulkin ƙasar Gure, ya turo wani jami'i, matashi mai tabarau, baƙo a ƙasarmu, ba ya jin Barbarci, Hausarsa ta makaranta. Aka taru a gindin darbejiya, tabarma biyu kamar kullum. Aka sa masa kujera, aka sa wa Majo benci shi kaɗai. Ni aka ce in yi tafinta, don babu wani.

Na juya maganar Yaya, wanda ya ce shi dai ya bar kwaɗonsa a kulle ya tarar da shi a kulle. Na juya ta Alhaji, wanda ya ce nasa kaɗai ya buɗe, kuma ya riga ya fara azumin kaffara. Na juya ta Liman. Sannan na ce da bakina, da Faransanci da Hausa, ni na kwance ƙofar, da kayan aikina, ba wanda ya sa ni.

Tabarmar dama ta yi guna-guni. "Rufa wa baƙo asiri yake yi," wani ya ce. Yaya ya ce ƙanensa mutum ne mai tausayi, kowa na iya juya shi. Ta hagu ma ba ta so laifin ya zauna kaina, don ni surukin Alhaji ne, in ya zauna kaina ya shafe su. Na tsaya a tsakiya ina miƙa wuya, ba mai son kamawa.

Jami'in ya ɗago kai daga takarda.

"Dattijo, kai ba ma'aikaci ba ne, ba ka cikin masu mabuɗi. Me zai sa ka kwance ƙofar gwamnati? Mece ce mara lafiyar a wajenka?"

Gari duka na zaune. Yayana na dama da ni, surukina na hagu, mijin yarinyar na tsugune a bayan ubansa, mata na jin mu ta kan danga. Ban yi tunani ba. Bakina ya ba da amsar da ya saba bayarwa shekara ashirin, wadda duk mai kunya a garin zai bayar.

"Ƴar gidan Alhaji ce."

Dattawa suka gyaɗa kai, don amsar ta yi daidai. Ba wanda ya ga abin gyarawa. Kowa a wurin ya san ƴar wa ce, ban da mutum ɗaya, kuma shi ke riƙe da alƙalami. Na ga ya dubi Alhaji, ya dubi Majo, ya sunkuya ya yi rubutu mai tsawo. A nan na gane abin da ya shiga takardar: an buɗe ɗakin magani don gidan uban jam'iyya, da sanin ma'aikaci.

Majo ya ɗago ya dube ni. Kalma biyu ce kawai zan faɗa da Faransanci, ba wanda zai ji a tabarmun nan sai shi da jami'in. Na san su, na juya wa mutane dubunsu. Na buɗe baki, na ji idon Yaya a kaina, na ji na Alhaji, sai na ce a raina bari taro ya watse in sami jami'in shi kaɗai. Taro bai watse ba sai da direbansa ya tayar da mota, dattawa suka raka shi har bakinta, kowa na son ya zama na ƙarshe da zai yi masa magana.

Ranar kasuwa na bi shi Gure. Na wuni a barandar ofis tare da masu jiran katin zaɓe. Da yamma wani magatakarda ya ce mini jami'in ya fita rangadi, takardar kuma ta riga ta wuce Damagaram. Na koma mako na gaba, aka ce sai bayan zaɓe. Bayan zaɓe aka ce wanda ya san maganar an sauya masa wuri.

Yarinyar ta haihu lafiya, namiji, a hannun Majo. Takardar sauyinsa ta iso kwana uku kafin suna. An tura shi wani wuri can arewa cikin rairayi, inda ya ce ko rediyo sai an hau tudu.

Ranar suna ta faɗo ranar kasuwa. Da safe Yaya da Alhaji suka zauna a ƙofar gidana kan tabarma ɗaya, don jinjirin na su biyu ne, kuma zaɓe ya wuce. Aka raba goro, har na ji Yaya yana tsokanar Alhaji cewa yaron ya ɗauko hancin jam'iyyarsu. Na bar su na tafi tasha.

Kayan Majo ba su da yawa: katifa, akwati, buhun littattafai, tukunya biyu. Na taya shi ɗaurewa a saman mota, irin ɗaurin da na iya. Da muka gama na tsaya kusa da shi, na faɗi kalmomin nan da Faransanci, a tasha, inda ba su da sauran amfani.

"Ƴata ce."

"Na sani, Tsoho," ya ce. "Ni na sa mata ruwa." Ya ɗan yi murmushi. "A shafa mini kan yaron."

Mota ta tashi.

Sai da aka girbe gero, aka sussuke, ba a turo mana wani ba. Mai zazzaɓi ya koma jiƙo, mai hali ya jira motar kasuwa. Amma rantsuwa tana nan, ba wanda ya warware ta. Duk Alhamis da safe Yaya da Alhaji sukan zo tare yanzu, suna hira, kowa ya ciro mabuɗinsa daga wuya. Su buɗe, su leƙa kwalayen da babu mai iya karanta su sai ni, babu mai iya allurarsu ko ɗaya, su tabbatar ba abin da ya ɓata, su rufe. Nakan raka su, don sun ce a riƙa samun shaida.